Ƙarzane Ɗaya a Allon Kwamfuta

Akwai wani mutum a wani birni wanda sana'arsa ita ce ɗaukar hoto da bidiyo a wuraren biki. In ana ɗaurin aure, ko suna, ko jana'izar wani babba, shi ake kira. Yana da mata da 'ya ɗaya mai suna Keziya. A majami'a yana cikin ƙungiyar mawaƙa, muryarsa kuwa tana da daɗi ƙwarai. Sai dai mutum ne mai saurin fushi. Kowa ya san haka, har mutane suka saba cewa, "Ai haka Allah ya yi shi." Shi ma ya karɓi wannan magana ya riƙe ta kamar takardar izini.

Ana nan sai kwamfutar da yake haɗa bidiyon mutane da ita ta mutu, aka rasa mai tashe ta. Ayyuka suka taru. Amare da angwaye suka riƙa zarya a ƙofar gidansa, waɗansu da lallashi, waɗansu da zagi. Mutumin ya ce ba zai sayi haɗaɗɗiya ba, zai sayi kayanta ɗaya bayan ɗaya ya haɗa da hannunsa, gama ya iya wannan aiki. Ya daɗe yana tarawa. Nama ya yi wuya a gidan, matarsa kuma ta haƙura da sabon zane ba tare da gunaguni ba.

Abu na ƙarshe da ya shigo hannunsa shi ne babban allo, wanda masu sana'ar suke kira madabod. Wani faffaɗan abu ne mai kusurwa huɗu, jikinsa cike da layukan tagulla waɗanda suka fi gashin kai sirantaka. A jikinsa ake dasa dukan sauran kayan, ta cikin layukan nan kuma suke magana da juna. In shi ya lalace, sauran duka sun zama kurame.

A kwanakin nan kuwa mahaifin mutumin ya zo daga ƙauye domin ganin likita, saboda hannuwansa sun fara rawa. Tsohon kafinta ne. Bencunan majami'ar ƙauyensu, da ƙofofinta, da teburin da ake ajiye jibin Ubangiji a kai, duk shi ya yi su. Da zarto da guduma ya ci da 'ya'yansa, ya sa su makaranta. Zaman birni ba aikin yi ya ishe shi, sai ya riƙa neman abin gyara a gidan. Ya ɗaure ƙafar kujera, ya daidaita marfin kabad. Aikin da dā yakan gama kafin a ɗora tukunya, yanzu sai ya ci masa yini, amma yana gamawa.

Ran Asabar da safe mutumin ya share tebur a falo, ya jera kayan kwamfutarsa, ya fara haɗawa. Tsohon ya jawo kujera ya zauna kusa, yana kallo kamar wanda aka kai kasuwa karo na farko.

Ya ce, "Haggai, wannan mai fuka-fukan kuma mene ne aikinsa?"

Ɗan ya ce, "Fanka ce, Baba. Ita ke sanyaya allon."

Tsohon ya yi dariya ya ce, "Ashe shi ma yana jin zafi. Ko in riƙe maka wani abu?"

Ɗan ya ce, "A'a, Baba. Ka dai zauna ka kalla."

Ya kwantar da allon a cikin akwatinsa, ya shiga ɗaure notinan da suke riƙe shi. Saura ɗaya ya gama, sai aka buga ƙofar gida da ƙarfi. Wani ango ne da ya gaji da jiran bidiyon aurensa. Mutumin ya ajiye sukundireba, ƙarfen da yake murɗa notinan da shi, ya fita, aka jiyo muryoyinsu suna hawa a waje.

Tsohon ya dubi ramin da ya rage, ya dubi notin a kan tebur. Tun yana saurayi bai taɓa tashi daga kan aiki ya bar ƙusa ɗaya ba a buga ba. Ya ce a ransa, bari in rage wa yaron nan aiki, ya dawo ya tarar an gama. Ya ɗauki sukundireba, ya saka notin a raminsa, ya fara murɗawa a hankali. Ya kusa ƙarewa ke nan, sai hannun ya ci amanarsa. Bakin ƙarfen ya zame, ya ƙarje fuskar allon, ya bar farin zane mai tsawon ɗan yatsa.

Tsohon bai ɓoye ba. Da ɗan ya shigo, fuskarsa a murtuke saboda faɗan da ya yi a waje, sai uban ya miƙe tsaye ya ce, "Haggai, na yi maka ɓarna. Na ga noti ɗaya ya rage, na ce bari in ɗaure. Hannuna ya zame."

Mutumin ya leƙa cikin akwatin, ya ga ƙarzanen. Bai ɗauko fitila ya duba ba. Bai sa wuta ya gwada ba. Fushinsa ya yi ƙuna nan take.

Ya ce, "Wa ya aike ka? Ban ce ka zauna ba? Hannun da ko kofin shayi ba ya iya kai wa baki sai ya zubar da rabi, shi za ka sa a kan wannan? Katako ka ga na ajiye?"

Tsohon ya ce, "Ka yi haƙuri."

"Haƙuri ne zai tashe shi? Ka san tsawon lokacin da na yi ina wahala kafin in same shi? Zamaninka ya wuce, ka ƙi yarda. Duk abin da ka taɓa yanzu sai ka ɓata shi. Ka zauna a ba ka tuwo ka ci, shi kaɗai ya rage maka."

Matarsa ta fito daga kicin da muciya a hannu, ta ce, "Baban Keziya, Baba ne fa."

Ya ce, "Ke ma ki rufe mini baki."

Sa'an nan ya sa hannu biyu ya damƙi allon, ya fizge shi daga cikin akwatin, alhali notinan suna riƙe da shi. Aka ji ƙarar tsagewa. Ya ɗaga shi sama ya maka da ƙasa a gaban ƙafafun mahaifinsa, ƙananan abubuwan da suke jikinsa suka watsu har ƙarƙashin kujeru.

Ya ce, "Ga shi nan. Ka ƙarasa abin da ka fara."

Tsohon ya sunkuya ya ɗauki sukundirebar da ta faɗi, ya ajiye ta a kan tebur, ya shiga ɗakin da aka sauke shi.

Kashegari da sassafe ya fito da jakarsa. Surukarsa ta tare shi a ƙofa ta ce, "Baba, ai likita ya ce ka koma ya duba ka."

Ya ce, "Zan koma wani lokaci, 'yata. Na bar akuyoyi a hannun maƙwabta, kada in yi musu nauyi."

Ta raka shi tasha tana share hawaye da bakin gyalenta. Ɗan kuwa bai fito ya yi masa sallama ba. Ya sa rigar mawaƙa, ya tafi majami'a, ya tsaya a gaban jama'a ya rera waƙar yabo da muryar nan tasa mai daɗi. Bayan an tashi, duk wanda ya tambaye shi labarin kwamfuta sai ya ce, "Tsohona ya kashe mini ita." Masu ji suka riƙa girgiza kai suna cewa, "Kai, tsufa." Ba wanda ya tambaye shi abin da shi ya yi.

Fushin bai sauka ba. Ya bi shi ɗaki, ya bi shi wurin cin abinci. In matar ta ce, "Ka kira Baba ka ji ko ya isa lafiya," sai ya ce, "Shi ya yi mini laifi, shi zai kira." Tsohon kuwa ya kira, amma surukarsa ya kira, ya tambayi lafiyar kowa.

Bayan wani lokaci mutumin ya sake samun wani allo. Ya ɗauko fasasshen daga inda matarsa ta tattara shi a cikin kwali, domin ya cire abubuwan da za su sake amfani. Ya zauna a bakin taga inda haske yake, ya ɗauki gilashinsa mai ƙara girman abu. Idonsa ya faɗa kan ƙarzanen, ya duba shi da kyau, abin da bai yi ba a ranar.

Sai ga shi yawancin zanen fenti kawai ya kankare. Layin tagulla ɗaya tak ya yanke, shi ma a gefe, a fili, inda bakin ƙarfe zai kai ba wahala. Ya sha liƙe irinsa da ɗigon dalma a allunan waɗansu mutane. Da ya tsaya ya duba a ranar, da kafin a sauke abincin rana kwamfutar ta tashi. Amma tsagar da ta raba allon biyu, wadda ta bi ta kan ramukan noti ta yanke layuka ba iyaka, ba wani gwani a duniya da zai iya haɗa ta. Wannan kuwa ba hannun tsoho mai rawa ne ya yi ta ba.

Ya daɗe yana kallo. Sa'an nan fushi ya sake kama shi, gama ba ya son abin da ya gani. Ya naɗe gutsattsarin a leda, ya fita ya jefa su a juji, bai gaya wa kowa ba. Ya haɗa kwamfutarsa, ta tashi lafiya. Ya biya mutane ayyukansu, sana'a ta koma kamar dā. A bakinsa kuma labarin bai sake ba: tsoho ne ya kashe allon farko.

Shekara ta kewayo, Allah ya ba matar ɗa namiji. Aka aika ƙauye, tsohon ya zo suna. Ya rame, rawar hannun kuma ta ƙaru. Ɗan ya karɓe shi da fara'a kamar ba abin da ya taɓa faruwa, gama a ganinsa magana ta wuce tun da ba wanda ya sake tada ta. Amma matar ta lura da wani abu. Tsohon yana shiga falo ya zauna a kujerar da ke lungu, ya haɗa hannuwansa a tsakanin gwiwoyinsa. Marfin taga yana lilo a kusa da kansa, bai ko dube shi ba. Da aka kawo masa ruwa, sai ya ce a ajiye a ƙasa, kada ya fasa musu kofi.

Da fasto ya yi addu'a aka faɗi sunan yaron, mutumin ya ɗauko jaririn, ya zo gaban mahaifinsa a gaban dukan baƙi, ya miƙa masa ya ce, "Baba, ga jikanka. Karɓe shi ka sa masa albarka."

Tsohon ya kai hannuwansa baya. Ya ce a hankali, "A'a, Haggai. Riƙe shi kai. Zan sa masa albarka daga nan. Kada in ɓata muku shi."

Ba da gatse ya faɗa ba. Da gatse ne, da ya fi sauƙin ɗauka. Ya faɗa ne kamar mai faɗin abin da ya riga ya gaskata.

Mutumin ya miƙa wa matarsa jaririn, ya durƙusa a ƙasa ya kama ƙafafun mahaifinsa. Ya faɗa masa kome: abin da ya gani a bakin taga, da ledar da ya jefa a juji, da ƙaryar da ya yi ta maimaita wa mutane. Ya yi kuka mai zafi.

Tsohon ya ce, "Tashi. Ni na yafe maka tun ban kai tasha ba."

Gaskiya ya faɗa, gama ya yafe. Duk da haka bai karɓi jaririn ba, a ranar ko a ziyarar da ta biyo baya. Duk lokacin da aka miƙa masa, sai hannuwan su koma baya da kansu. Sai da yaron ya fara tafiya, ya tako da ƙafafunsa ya hau cinyar kakansa ba wanda ya sa shi, sa'an nan tsohon ya rungume shi.

Ma'anar wannan misali ita ce, kuma ina so ku ji ta da kyau, gama ban kawo muku shi domin ku ji tausayin tsoho ku tafi gida ba.

Allon nan shi ne zumuncin da Allah ya dasa mu a kai, a gida da cikin ikilisiya. Layukansa sirara ne: amincewa, da sakin jiki, da sanin cewa in na yi kuskure a gaban mutumin nan ba zai tattake ni ba. Ƙarzanen kuwa shi ne kuskuren da wani ya yi maka ba da nufi ba. Matarka ta ƙona miya. Ɗanka ya ɓatar da makulli. Ɗan'uwa ya manta bai ambaci sunanka a sanarwa ba. Irin wannan ba ya ƙarewa muddin muna cikin jiki, yawancinsa kuma ɗigon dalma ya ishe shi: a zauna, a duba, a ce "ba kome," a gyara.

Amma ku dubi abin da muke yi. Ba ma tsayawa mu duba girman ɓarnar. Sai mu sa hannu biyu mu fizge. Mu tono laifin bara da na bariya, mu zagi asalin mutum, mu gaya masa ba shi da amfani, sa'an nan mu nuna tarkacen mu ce, "Dubi abin da ka yi." Ƙarya ce. Shi ƙarzane ya yi. Kai ka fasa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne maganar nan da nake ji a bakinku, "Haka Allah ya yi ni." Kada ka ɗora wa Allah abin da ka ƙi tuba daga gare shi. Mutumin nan ya yi faɗa da ango a ƙofar gida, amma bai fasa kome a gaban angon ba, gama yana tsoron rasa aiki. Kai ma haka kake. A gaban shugabanka a wurin aiki kana iya haɗiye magana. A gaban ɗan sanda a hanya muryarka takan yi laushi kamar auduga. Ashe kana iya riƙe kanka. Sai ka shigo gida, inda masu ƙaunarka suke, waɗanda ba za su rama ba, a nan ne fushin yake fin ƙarfinka? Wannan ba hali ba ne, zalunci ne, Allah kuwa yana gani.

Ku kuma masu tsayawa a gefe kuna cewa "ai haka yake," kuna da rabo a ciki. Mace ɗaya ce ta buɗe baki a gidan nan ta ce, "Baba ne fa." Dukan majami'a ta ji labarin, ba dattijo ɗaya da ya kira mawaƙin nan gefe ya ce, "To, kai me ka ce wa mahaifinka?" Muka bar shi ya sa riga ya hau gaba, domin muryarsa tana da daɗi.

Akwai kuma zunubi na biyu, wanda ya fi na farko muni, gama na farko cikin zafin rai aka yi shi, na biyu kuwa a zaune a bakin taga, da ido buɗe. Ya ga gaskiya, ya naɗe ta a leda. Na san a cikinmu akwai waɗanda suka riga suka gane tuntuni cewa su ne da laifi, amma suna jiran lokaci ya binne maganar. Kana cewa ta wuce domin ba wanda yake tada ta. Ba ta wuce ba. Dubi yadda matarka take yin shiru in ta ji takunka. Dubi yadda 'ya'yanka suke tashi daga falo in ka shigo. Mahaifiyarka ta daina ba ka shawara, kai kuma kana murna wai an sami zaman lafiya.

Ku tuna da yadda Ubangiji ya yi da mu. Kowace rana muna ƙarzar aikin hannunsa, mu kuwa ba kullum ne bisa kuskure ba, sau da yawa da gangan muke yi. Yana da iko ya ɗaga mu ya maka da ƙasa, ba mai tambayarsa. Bai yi haka ba. Ya sunkuyo ya duba raunin, ya ba da Ɗansa domin a gyara mu. Wanda aka yi wa wannan jinƙai, da wane baki zai ce wa mahaifinsa tuwo kaɗai ya rage masa?

Kada kuma gafara ta ruɗe ku. Allah yana gafartawa, mutanen kirki ma suna gafartawa, amma kalmar da ka dasa a zuciyar mutum tana iya ci gaba da aiki bayan an yafe maka. Saboda haka kowace rana da ka ƙara kana jira, tana ƙara yin saiwa.

Yanzu za mu yi addu'a mu tashi. Tun ina magana, akwai fuskar da ta zo wa waɗansunku a rai, kun kuwa san ko ta wane ne. Kada ka sa hannu a abincin rana sai ka je wurinsa, in yana nesa ka kira shi. Kada ka ce masa, "In na ɓata maka rai, ka yi haƙuri," gama ka san ka ɓata. Ka ambaci kalmar da ka faɗa masa, da bakinka, yadda ka faɗe ta. Sa'an nan ka ce masa, "Ba gaskiya ba ce. Ni ne na fasa."